Furfurar Rana

A shekarar da aka yi husufin rana, yayata ta taso tun daga jami'a ta dawo Zuru don ta kalla a tsakar gidanmu. Digiri na biyu take yi, kuma a kan rana take bincike. Babanmu tsohon soja ne da ya koma noman dawa, bai taɓa yarda cewa wannan ma karatu ne ba.

"Rana dai? Wadda ke gasa mini ƙeya a gona?" in ji shi. "Ai da ni kika tambaya."

Ta yi masa bayani cewa rana na da ƙarfin maganaɗisu da ke murɗewa kamar igiya, in ya tsinke sai ta yi aman wuta, har rediyo ya shaƙe a nan duniya. Nan Baba ya gyara zama, domin ya daɗe yana zargin Mama da taɓa masa rediyo.

Da hantsin ranar ta raba mana baƙin gilashin da ta aro wajen masu walda, ta ce kada wanda ya ɗaga ido sama babu shi. Baba ya ce shi da ya ga yaƙi ba ya bukata. Mama ta miƙa masa, ya karɓa.

Haske ya fara dushewa, iska ta yi sanyi. Kajinmu suka shige akurki. A gidan maƙwabta wata tsohuwa ta kama waƙar coci da ƙarfi. Da duhu ya rufe, yayata ta ɗaga murya, "Yanzu ku cire!"

Baƙin faifai muka gani, farin haske ya bazu kewaye da shi kamar gashin da ba a taje ba. Baba ya saki baki.

"Ashe ta yi furfura," ya ce a hankali.

"Baba, furfurar nan ta fi fuskar ranar zafi nesa ba kusa ba. Har yau ba a gama gano dalili ba. Shi nake nema."

"To yi sauri mana, ga ta nan a fili!"

Ba ta gama dariya ba haske ya dawo, zakaranmu ya fito a ruɗe ya yi cara. Baba ya zauna a kan turmi, ya daɗe yana shafa gemu. Can ya dubi Mama ya ce tunda gari ya sake wayewa, a sake kawo masa kunu. Ta ce sai dai ya jira ta sake damawa.