Shekarun Mai Tsaron Raga

Ni na rubuta takardar nan marar sa hannu. Wautar da na yi ita ce daga kayen lissafina na makaranta, wato littafin rubutu, na yago ta, ga sunana ɓaro-ɓaro a bayanta, har da makin da mushe, malaminmu, ya sa da jan bik.

Zaman gola ne ya kai ni. Shekara biyu ina tsare wa ekip ɗin unguwarmu raga, sai ga wani dogo daga Tagriss ya zo zama wurin kawunsa, kuma tun ranar farko Baba ya sa shi a wurina. Baba shi ne mai horar da mu. Tela ne, tun iyayenmu suna yara yake tara ƴan unguwa a filin bayan kasuwar dabbobi, ya ɗinka musu riguna da ragowar yadi, ya yi wa balo faci in ya fashe.

Gasar hutun ta ƴan ƙasa da shekara sha biyar ce. Dogon nan kuwa in ya ce "bar mini", sai raƙuman kasuwa sun waiwayo. Tafin hannunsa ya kai faifai. Na fara bin sawunsa. Na gan shi yana sayen reza, ya ce farce zai yanke. Ranar Talata akwai ɗan gashi a haɓarsa, ranar Laraba babu. Har yarinyar da yake ɗauka a kafaɗa na daina yarda ƴar kawunsa ce. Na rubuta duk wannan, na tura ta ƙarƙashin ƙofar shagon Baba.

Washegari ya kira mu, mu biyu. Ko keken ɗinki bai tsayar ba. Ya karɓi takardar haihuwar dogon ya miƙo mini, wai tunda ni ne mai bincike. Irin wadda ake yi wa ƴaƴan makiyaya ce bayan sun girma, ba rana, ba wata, an dai ce an haife shi wajejen shekara kaza. Na ce ai wannan sai ta haɗiye shekara biyar ba wanda ya sani.

"Ɗana, rabin yaran da na horar haka takardunsu suke," in ji Baba. "In na kore su, kai kaɗai za ka shiga fili?"

Dogon ya yi mini murmushi irin na mai iyali.

Shi ya tsare raga duk gasar, ni ina zaune a gefe. Aka fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe da ci ɗaya. Da kaka ta yi ya koma wurin dabbobinsu, na koma gola. Har yau ban san shekarunsa ba.