Baba Labbo bai gudu ya bar maigidansa ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina buɗe shago 'yar Baba Labbo ta kira ni daga Gurbin Bore, ta ce baban nata ya rasu, har an kai shi. Na ce me ya sa ba a jira mu ba? Ta ce, "Ta wace hanya za ku biyo, Kawu?" Ni ma na san halin da hanyar take ciki.

Tun ɗazu na kasa yin komai.

Yaran yanzu ba su san shi ba. Baba Labbo shi ne babban ɗan amshin wani makaɗin noma da aka yi a ƙasar Shinkafi. Maigidan ya bayar da baiti, su su karɓe. Tun yana saurayi wannan ce sana'arsa, har aka ba mu jiha, har Shari'a ta zo kiɗa ya ja baya. Ƙungiyar ta watse, maigidan ya kwanta ciwo, shi kuma ya dawo Kaura ya kafa tiren busasshen kifi dab da shagona na hayar kaset.

Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Mai kaset". Yakan ce sana'ata sayar wa mutane kuka ce. In na tafi masallaci shi ke tsare min shago. Da matata ta haihu ya ƙulle kifi a leda ya tura min, ya ce, "Kai ma maijego, kak ka ci a hanya, na san halinka."

Ranar kasuwa kaɗai yake yini a wurin tiren. Sauran ranakun da hantsi zai rufe tire ya hau mota zuwa wurin maigidansa, da sabulu da kokon kunu. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Haka ya yi ta yi har mutumin ya rasu.

Bayan nan wasu samari suka zo daga wani gari suka yi fim na rayuwar makaɗin. Ba su zauna da Baba Labbo ko sau ɗaya ba.

Lokacin an rufe gidajen kallo, don haka kowa a gida yake kallo, kuma kaset ɗin bai taɓa kwana a shagona ba. Wanda ya gani ya san ƙarshensa. Makaɗin yana kwance a tabarma shi kaɗai, ya ɗaga murya ya bayar da baiti, ya saurara. Babu mai amsawa. Ya sake bayarwa, shiru. Sai aka nuno babban ɗan amshinsa ya saɓa ganga yana tafiya bai waiwayo ba, dogo, yana ɗingisa ƙafar hagu. Daga nan makaɗin ya cika.

Dogo mai ɗingishin hagu a cikin 'yan amshin nan mutum ɗaya ne, kuma duk Kaura an san shi.

Wallahi ban taɓa ganin fim ya ɗaga hankalin gari haka ba. Mata su aiko da kaset, a ce min uwar gida ta kasa tuƙa tuwo don kuka. Wani direban Zurmi, ƙato, ya ce min sai da ya fita waje ya wanke fuska don kada 'ya'yansa su gani. Daidai wurin nan na ƙarshe har zaren kaset ɗin ya cinye saboda mayarwa baya.

Da ma a kuka abin ya tsaya.

Wata tsohuwa ta zo gaban tiren, ta dube shi ta ce, "Allah ya isa tsakaninmu da kai, maci amana." Ya ce mata, "Sannu, Inna." Shi ke nan abin da ya ce.

Cinikin kifinsa ya mutu. A wurin ɗaurin aure in ya zauna sai ka ga ana janye tabarma. Na cire kaset ɗin daga shagona, amma ina, an riga an kwafe shi gida-gida. Na yi ta rantsuwa cewa ƙarya aka yi masa har muryata ta dushe, amsar kowa ɗaya ce: "Haba Mai kaset, ai mun gani da idonmu a fim." Ka ji fa! Mutumin da suke gani kullum da kokon kunu ba su gan shi ba, sai ɗan wasan da aka ce ya yi ɗingishi.

Na ce masa, Baba, ka yi magana mana, ka je gidan rediyo. Ya ce in bar shi. Raina ya ɓaci da shi sosai, har na daina tayar da zancen. A haka ya tsufa a garin nan, ana gaishe shi sama-sama.

Bara da damina ya zo min sallama, zai koma wurin 'yarsa. Ido ya yi rauni, sanda a hannu. Lokacin sana'ata ta koma caji da tura fim a waya. Ya zauna a bencina ya ce, "Mai kaset, wanga abu da anka yi, ban taɓa ganinai ba. Gwada min."

Na so in hana shi, ya nace. Na nemo na riƙe masa wayar kusa da fuska.

Ya kalla har aka zo ƙarshe. Ɗan wasan da ya fito a matsayin makaɗin ya bayar da baiti ya saurara.

Sai Baba Labbo ya amsa.

Da ƙarfi, a tsakiyar rana, a bakin titi. Bakinsa ne ya riga shi. Ɗan wasan ya sake bayarwa, ya sake amsawa, hawaye na bin gemunsa. Masu jiran caji suka yi cirko-cirko. Ni kuwa na juya baya na yi kukana.

Da ya natsu na ce, Baba, don Allah me ya hana ka wanke kanka?

Ya ce, "Ciwon nan ya taɓa mai kai. In na hwaɗi abin da na yi mai, dole in hwaɗi yadda ya koma. Su sun nuna shi ya mutu da waƙatai a baki, da hankalinai. Gara su riƙe shi haka. Ni na iya ɗauka."

Ya miƙe ya ce in gaida maijego, alhali ɗan da aka haifa lokacin har ya yi aure. Ban sake ganinsa ba.

Ban tambaye shi yadda maigidan ya koma ba, kuma ko na sani ba zan rubuta ba. Abin da na gani shi na faɗa, kuma zan maimaita shi gaban Allah.

Na san a cikin masu karanta wannan akwai waɗanda suka yi kuka a kan fim ɗin, akwai waɗanda uwayensu suka ja masa Allah ya isa. Ban ce kun yi da gangan ba. Amma yau yana kwance a kabari, kuma bai taɓa ramawa ba. Wanda ya faɗa ya janye. Wanda tsohuwarsa ke raye ya karanta mata wannan.

Ya Allah, bawanka Labbo ya rufa asirin wani da nasa mutuncin, ka rufa masa nasa. Ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka haɗa shi da maigidansa cikin rahamarka.

Ku sa shi a addu'a, don Allah. A ƙarƙashin wannan rubutun kada ku bar shi shiru, ku amsa masa da amin.