Shekarar da Na Yi Bandar Digiri

Aji uku na yi a firamare, na ukun ma ban ƙarasa ba, domin ranar da ruwa ya kawo kifi babu malamin da ya isa ya tsare ni a benci. Rubutun nan da kuke gani a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi, bayan gemuna ya fara furfura. Sana'ata bandar kifi ce a Haɗeja. In saya a bakin kogi wajen masunta, in feɗe, in lanƙwasa tarwaɗa in soke ta da tsinke, in jera a kan waya, in hura wuta a ƙasa. Shekara arba'in da ɗoriya ina cikin hayaƙi, har ta kai in na shiga sahu a masallaci, na kusa da ni yakan ɗan gyara tsayuwa.

To a gidan irin wannan mutum Allah ya ga dama ya ajiye yarinya mai kai. 'Yata ce ta uku, sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Uwata nake ce mata. Ta yi jami'a, ta karanci abin da ya shafi ruwa da kifi, ta fito da sakamakon da aka ce min babu na sama da shi. Burinta ta yi digiri na biyu a kan kacala, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa a fadama, jirgi ba ya wucewa, tsuntsaye kuma su ɓuya a ciki su fito su cinye wa mutane shinkafa. Na ce mata kacala lauje take buƙata, ba digiri ba. Ta ce shekara nawa ana sa mata lauje? Ni dai na san kuɗin kifi ba zai kai ta digiri na biyu ba, ko da zan ƙyafe kogin gaba ɗaya.

Da za ta tafi bautar ƙasa can kudu, ta danƙa min takardunta na asali, tun daga na sakandare har na jami'a. Ta ce, "Baba, ka adana min. Ko ɗigon ruwa kada ya taɓa su."

Damina ta yi ƙarfi a shekarar, kogi ya tumbatsa, ruwa ya fara leƙo unguwarmu. Mu kuwa masu banda muna da wurin ajiya da muka gada. Duk abin da kake tsoron gara ko danshi ko ɓera ya taɓa, irin masara ne, igiyar komar kamun kifi ce, fata ce, a azarar rumfar banda ake rataye shi. Hayaƙi ke tsare shi. Haka na ga ubana yana yi. Leda ban yarda da ita ba, gumi take tarawa, takarda ta yi fumfuna. Sai na naɗe takardun a takardar buhun siminti, na sa a ƙaramin kwando, na rataye daidai saman waya, inda hayaƙi ya fi kauri. Na sauko ina jinjina wa kaina. Har a majalisa na ba da labari, na ce 'yan boko su zo su koyi ajiya.

Ruwa ya janye, ni kuma na manta. Kusan shekara kwandon nan yana sama, kullum ina hura masa wuta.

Uwata ta dawo, ta ji wata gidauniya tana ɗaukar nauyin ɗaliban da suka yi fice su yi digiri na biyu. Ta cike fom ta waya, da hotunan takardun da ta ɗauka tun kafin ta tafi. Ran wata Lahadi saƙo ya shigo: tana cikin waɗanda aka zaɓa, ta zo tantancewa ranar Alhamis a wani ɗakin taro a cikin gari, da takardun asali a hannu. Wanda bai zo da su ba, ya sauka daga layi.

Na kafa tsani, na sauko da kwando ina murmushi, na kwance ƙunshi a gabanta da gaban uwarta.

Launinsu ya koma na bayan tarwaɗar da ta kwana biyu a waya. Maiƙo ya ratsa takardar siminti ya yi musu tabo-tabo. Rubutu yana karantuwa, hatimi yana nan, amma warin! Ni da hancina ya mutu tun ina saurayi, sai da na ji shi. Kyanwar maƙwabta ta diro daga katanga ta zo ta zauna.

Uwata ta duba su, ta ce, "Baba, a ina ka ajiye su?"

Na ce, "Kin ga dai gara ba ta taɓa ba."

Uwarta ta ce, "Malam, ai da ka barbaɗa musu gishiri ka ƙarasa aikin."

Yarinyar ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta buga waya jami'arsu, aka ce ko takardar madadi sai an yi watanni. Muka shanya su a rana, ƙuda suka taru. Uwarta ta ce a bar mata, ta ɗauko kasko ta zuba turaren wuta, ta kifa kwando, ta jera takardu a kai, ta bi bayansu da humra. Wato hayaƙi ya ɓata, hayaƙi zai gyara. Da aka gama, sai suka koma wari kamar kifin da aka shirya za a kai shi biki.

Ina da maƙwabci, ɗan kamasho, wanda ba shi da sana'a sai sanin mutane. Labari ya kai masa, ya same ni a rumfa ran Talata.

"Haba Malam, wannan har abin tashin hankali ne? Akwai shagon da zan kai ka, kafin la'asar an buga maka sabuwa fes, da hatiminta da komai. In akwai makin da bai yi maka ba ma, sai a ɗaga shi."

Na ce, "Makinta ba shi da inda za a ɗaga shi."

Ya ce, "To ka ga aikin ya ragu."

Ya zaro waya yana nuna min samfuri, digiri iri-iri kamar mai tallan atamfa. Yarinya ta shekara huɗu tana cin gari da ƙuli a makaranta, wani kuma zai samu irin takardarta tsakanin azahar da la'asar. Amma kada in yi muku ƙarya, sai da na tambaye shi ko shagon yana buɗewa Laraba. Na kai wa Uwata maganar a kaikaice, ina sosa ƙeya. Ta dube ni ta ce, "Baba, ni na yi karatun nan. In na kai ta bogi, me ya raba ni da wanda bai yi ba? Da su zan je, a yadda suke."

Ran Alhamis na sa babbar rigata, na bi ta, ba tare da ta gayyace ni ba. Muka hau adaidaita, mai tuƙi yana ta waiwaye yana neman inda aka ɓoye kifi. A harabar ɗakin taro motoci ne jere, iyaye suna ta ɗaga hannun riga, kowane ɗalibi da fayil mai sheƙi. Manyan da za su yi tambayoyi suna ciki. A bakin ƙofa kuwa an ajiye tebur, da wani ma'aikaci da aka ɗauko daga cikin gari don ya duba takardu kafin mutum ya shiga.

Ina ganinsa na gane shi. Duk mako yana zuwa rumfata a kasuwa. Shi ne mai cusa hanci har cikin kan kifi, ya ɓalli wutsiya ya ɗanɗana, ya ɓalli ta wani ya ɗanɗana, sannan ya sayi mafi ƙanƙanta. Yau ga shi da laktaye a wuya.

Layi ya zo kan Uwata. Ta buɗe fayil. Mutumin nan ya ja da baya da kujerarsa, ya kama satifiket ɗin da yatsa biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera.

"Subhanallahi! Malama, wannan takarda ce ko kayan miya?"

Layi ya fashe da dariya. Ya ɗaga ta sama don na baya su gani, ya zaro hankici ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Uwata ta yi masa bayani da Turanci, a natse. Ya ce, "Turanci ba ya wanke takarda. Ba zan shigar da wannan gaban manya ba. Koma gefe."

Ta koma jikin bango ta tsaya, fayil a ƙirji. Ina tsaye sai ga maƙwabcina ɗan kamasho ya iso da wani mai neman tallafin, takardunsa farare tas, ko lanƙwasa babu. Ma'aikacin ko juya su bai yi ba, ya buga tambari, ya ce bismillah. Ba zan rantse cewa na shago ne ba, ban gani da idona ba. Na dai ga maƙwabcin nawa ya kauce wa idona.

Aka sanar cewa bayan sallar azahar mutum kaɗan za a ƙara gani, sannan a rufe. Uwata ta koma gindin wata bishiya tana neman wani malaminsu a waya, wayar ba ta shiga. Ma'aikacin ya tashi ya zaga bayan ɗakin taro wajen famfo. Na bi shi. Na tarar ya tsuguna ya fara alwala.

Na ce, "Yallaɓai, ba ka gane ni ba?"

"Na gane ka mana, Baba mai banda. Tun daga ƙofa hancina ya gaishe ka."

"Yarinyar nan 'yata ce. Takardar ta gaske ce, ni na ɓata ta da jahilcina."

Ya kurkure baki ya zubar. "Na san ta gaske ce. Wa zai zauna ya ƙirƙiri wannan ƙazanta?"

"To, Yallaɓai?"

Ya sake kurkurewa. "To ai shi ke nan. Surukata ce ma ta zo daga Malam Madori, kwana biyu tana ta maganar miyar kifi, ni kuma ka ga aiki bai bar ni na leƙo kasuwa ba."

Yana faɗa yana shaƙa ruwa a hanci, sau uku cif, bai tsallake sunna ko ɗaya ba. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Na taɓa feɗe kifin da ya kwana uku a cikin koma ya kumbura, ban ji abin da na ji a wurin nan ba. Kuma rabin ƙyamar ta kaina ce, domin bakina ya riga ya buɗe.

Na ce, "Kwali ɗaya. Gobe da safe."

Ya ce, "Tarwaɗa fa, manya. Ban da karfasa."

Sahu ɗaya muka yi salla da shi. Bai gyara tsayuwa ba.

Ana idarwa ya koma tebur, ya ɗaga murya, "Ina mai takardar nan? Zo, na sake nazari." Ya buga tambari, ta shiga.

Ta fi kowa daɗewa a ciki. Da ta fito ta ba ni labari. Wata dattijuwa a cikin manyan ta sa an buɗe taga, ta ɗaga satifiket ɗin a haske, ta shafa hatimi da babban yatsa, ta tambayi abin da ya same shi. Uwata ta faɗi gaskiya. Suka yi dariya har da share hawaye, ɗayansu ya ce kakarsa ma a saman murhu take ajiye iri. Daga nan ba wanda ya sake ta da maganar takarda, sai kacala, tambaya kan tambaya. Ashe manyan da aka ce ba za a kai musu wari ba, su ko a jikinsu.

A adaidaita muna komawa gida, fuskarta sai haske take. Ta ce, "Baba, ka gani? Na tsaya a kan gaskiyata, ban roƙe shi ba, ban ba shi komai ba. Kunya ce ta kama shi ya kira ni da kansa."

Na ce, "Haka ne, Uwata."

Washegari na cika alkawari, amma irin cikawar ɗan kasuwa. Na tattaro tsohon kifin da ƙwari suka fara mayarwa gari, da karyayyun kawuna, na shimfiɗa a ƙasan kwali har ya kusa cika. Na zaɓo tarwaɗa huɗu masu kyau na rufe sama, na ɗaure da igiya tamau, na kai masa har ƙofar gida. Ya karɓa yana sa min albarka.

Bayan mako uku sunaye suka fito, nata yana ciki. A makon ne ma'aikacin ya zo rumfata, kasuwa ta cika, ya sunkuyo ya rage murya.

"Baba, kifin nan na ƙasa..."

Na ɗaga tawa muryar yadda maƙwabtan rumfa za su ji. "Wane kifi, Yallaɓai? Yaushe ka saya? Faɗa min ranar, in canza maka."

Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ce a'a, ya tuna ba a wurina ba ne. Tun daga ranar ya koma saye a layin baya.

Uwata tana can tana digirinta na biyu, takan zo da robobi ta shiga fadama ta ɗebi ruwa da saiwar kacala. Takardun sun koma hannun uwarta, an kuma yi min iyaka da su. Abin da ya rage min shi ne labarin. Duk hutun da ta zo sai ta tara ƙannenta ta ba su shi, yadda aka yi mata dariya a layi, yadda ta ƙi ta bogi, yadda mutum in ya tsaya a kan gaskiya ko mai tsaron ƙofa sai ya ji kunya. Rabin farko duk gaskiya ne, kuma ita ta amsa tambayoyin nan, ba kwalina ba. Amma in ta iso wajen kunyar, sai in miƙe in ce zan je in duba wuta, ko da ranar ban hura ba.