Kwandon da Na Auna Tun Farko

Mu biyu aka ɗauka aikin gwaji a wani ɗan ofis a Yelwa, aka ce bayan damina mutum ɗaya za a riƙe. Ni ina son kujerar, amma na fi son abokin aikin nawa. Littattafan soyayyar da nake saye a kasuwa sun koya mini cewa irin wannan gasa da aure take ƙarewa.

Aikin shi ne haɗa lissafin kifin da ake saukewa a Warra, Shanga da Yelwa. Kowace rana jerin lambobi ne guda, mu kuma mu haɗa jerin su zama babban jadawali. Umarnin da abokin aikin nawa ya rubuta wa kwamfutar ofis kuwa, duk jerin da ya shigo sai kwamfutar ta kwafi jadawalin kacokan zuwa sabon wuri, sannan ta liƙa masa sabon. Tsoho da sabo su zauna tare a ƙwaƙwalwarta, ta cika, ta sandare. Ga wutar lantarki ba ta zama, mu da muke bakin ruwan da ake yin ta da shi.

"Wannan tsohuwa ta mutu, Malama," ya ce, yana dukan tebur.

"Kai ke kashe ta, Yallaɓai. Kana zuba kifi, duk wanda ya ƙaru sai ka juye kwandon cikin wani?"

"To 'yar soyayya, ya za a yi?"

"Mun san yawan ranakun. Ka ware wurin jadawalin sau ɗaya, kowane jeri ya faɗa gurbinsa. Ba kwafi, ba juyi."

Na gyara da hannuna. Aikin ya gudu kamar jirgi mai inji. Ya dube ni, ya ce, "Kai, ke ta daban ce." Na kai maganar gida ina juya ta, har Inna ta tambaye ni ko zazzaɓi nake.

Ranar da shugabanni suka zo, shi ya tsaya gaban allo. Har misalin kwandon ya bayar, aka yi dariya, aka tafa. Ina zaune ina jira ya juyo ya nuna ni. A littafi, a nan yake juyowa.

Shi aka riƙe. Ni yanzu lissafi nake koyarwa a Ngaski. An ce har yau da gyarana suke aiki, kuma kwamfutar ba ta sake sandarewa ba.