Tsohon da Ke Ɗanɗana Ƙasa

A bayan garin Dogo-Dogo, kwana uku ke nan injin foraj, mai haƙa rijiyar burtsatse, yana ruri a gonar Gajere, ruwa bai fito ba. Shef ɗin ma'aikatan yana zancen naɗe kaya, Gajere kuwa hankalinsa na kan irin albasarsa da ke yaushi.

Sai ga wani tsoho da ba wanda ya san shi ya ɗaure jakinsa, yana tahowa a hankali. Tafin hannunsa duk kanta ce da shatin igiya. Kafaɗunsa a tattare suke, kamar na wanda ya yi rabin rayuwarsa a ƙasan rijiya, ƙila har injin ya raba shi da sana'arsa.

Ya tsuguna, ya ɗebi ƙasar da injin ke tofarwa, ya murza, ya sa a harshe.

"Baba, ba ƙuli-ƙuli ba ne," in ji shef.

"Shekara arba'in ina cin ta, ɗana. Ƙara ƙarfen haƙa biyu."

Kafin na biyun ya nutse, taɓo ya fara feshi. Ana ta murna, tsohon ya miƙa wa Gajere ƙwarya. "In ruwan ya washe, a fara ba jakina."