Haƙorin da Na Ɗora wa Gandiroba

Kafin in shiga gidan yari, dillalin motoci ne ni a titin Gate City Boulevard, a nan ƙasar Turawa. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma Allah ya ba ni baki. Motar da ta sha duniya, in na tsaya ina yabonta, sai ka rantse jiya ta fito daga kamfani.

Da ɗan ƙari na fara. Taya mai faci in ce sabuwa ce. Daga nan na koyi mayar da mitar tafiyar mota baya, har na kai ga sayar da motocin da ambaliya ta lalata, da takardun jabu. Yawancin waɗanda na cuta 'yan uwanmu ne sabbin zuwa, masu neman abin hawa zuwa aiki a Wendover. Sun yarda da ni don sahu ɗaya muke sallah. Alƙali ya ba ni shekara huɗu, kuma bai zalunce ni ba.

A watana na uku, wani gandiroba ya daka mini tsawa a hanyar kicin, inda nake wanke tukwane. Ni kuwa yadda aka rene ni a Maraɗi, in mai iko ya yi maka faɗa, durƙusawa kake yi ka sunkuyar da kai. Na durƙusa. Shi a ganinsa wuƙa zan zaro daga safa. Ya kayar da ni, ya sa mini ankwa. Har nan ban ga laifinsa ba. Amma bayan ankwar ta shiga, ina kwance ko motsi ba na yi, ya danna gwiwa a bayana ya murɗe mini hannu har kafaɗata ta goce.

Akwai wani mutumin Jos a ɗakinmu, Bitrus, wanda ya daɗe a ciki har ya san doka kamar lauya. Na ce masa na bar gandiroban da Allah.

"Bar shi da Allah, Alhajin motoci, amma ka cika fom," in ji shi. "A nan fursuna ma yana da haƙƙi. Sai dai in ba ka fara rubuta ƙorafi a cikin gida ba, kotu ba za ta saurare ka ba."

Na karɓi fom na rubuta abin da ya faru. Da na duba, sai na ga labarin ya rame. Halin dillali ya motsa. Na ƙara kulki, na ƙara shuri, na ce har haƙori ya fitar mini. Na miƙa ban nuna wa kowa ba.

Ranar ziyara na ba matata Rabi labari ina alfahari.

"Wane haƙori, Malam?"

Na nuna mata giɓin.

"Wanda wanzami ya cire maka? Ai da wannan giɓin na aure ka."

"Su ba su sani ba."

"Za su sani. Kai ko a kurkuku sai ka yi ciniki."

Suka kuwa sani. Likita ya rubuta giɓin tun ranar da na shigo, kyamara kuma ba ta nuna kulki ba. Aka yi watsi da ƙorafin dungurungum, har da maganar kafaɗa da take gaskiya.

Gandiroban bai huce ba. Aka cire ni daga kicin, ya riƙa birkice mini kaya, sannan ya rubuta cewa na yi masa barazana. In takardar nan ta tabbata, kwanakin da aka rage mini saboda ladabi sun tafi, zamana ya ƙara tsawo. To wa zai yarda da mai ƙaryar haƙori?

Bitrus ya ce ramuwa a kan wanda ya kai ƙara laifi ne mai zaman kansa, ko da ƙarar ta faɗi. "Amma wannan karon ni zan riƙe biro."

Muka zauna. Na ce an birkice kayana sau bakwai.

"Alhaji."

"Sau uku."

"Yauwa. Waɗanne ranaku?"

Duk inda na fara ado, sai ya ajiye biro ya naɗe hannu yana kallon rufi. Ya kuma sa muka fara da cewa kulki da shuri da haƙori ƙarya na yi. Wannan ya fi kafaɗar ciwo.

Muka bi matakan ƙorafi ɗaya bayan ɗaya. Kafin maganar ta kai kotu, aka turo wata mai bincike. Ta ce da ni, "Me zai sa in yarda da kai yanzu?"

Na ce, "Kada ki yarda da ni. Ki duba ranakun."

Ta duba. Ranar da gandiroban ya ce na yi masa barazana, a wani gini dabam aka ajiye shi aiki. Aka soke takardar, na koma tukwanena, na fita a ranar da aka yanka mini.

Yanzu ina aiki a wani sito. Na bi waɗanda na cuta gida gida ina neman gafara. Wasu sun yafe, ɗaya ya rufe ƙofa, kuma yana da gaskiya. Kafaɗar har yau ba ta ɗaguwa sosai, babu kuma wanda ya amsa laifinta, don ni na binne shaidarta da hannuna.

'Ya'yana, kada ku fara ɗan ƙarin nan ko a wasa, don ranar da aka zalunce ku da gaske zai biyo ku ya ɓata muku shaida. In an taɓa ku ba bisa ƙa'ida ba, kada ku yi shiru. Ku rubuta rana, ku rubuta wuri, ku rubuta abin da aka yi muku. In kun kai nan, ku ajiye biro.