Kuɓewar Kaka da Motar Gwangwani

Shekarun baya, ina aji biyar a firamare, aka kwashe ni daga Nyanya aka kai ni hutu wurin kakata a Yangoji, wai ko unguwarmu ta samu ta huta.

Kakata tana da gwangwanayen madara biyu da take ajiyar irin kuɓewa. Ɗaya na tudu ne, wanda take shukawa a gindin dutse, gajere mai saurin 'ya'ya. Ɗayan na fadama, mai tsawo kamar zai gaisa da jirgin sama. Ta ce tun hannun mahaifiyarta irin yake, ba a taɓa haɗa su ba. Ni kuwa abin da na gani shi ne tayoyin mota. Na juye ɗaya cikin ɗaya, na ɗauki gwangwanin. Ina jin tarinta a zaure, na raba irin biyu da hannu, na mayar, na zauna kamar limami.

Aka yi shuka da ni. Kullum sai na leƙa gona ina addu'ar kuɓewa ta rufa min asiri. Ba ta rufa ba. A tudu, rabin shukar ta yi ta miƙa wuya ba fure, har rana ta busar da ita. A fadama kuma gajerun suka koma ruwan ɗorawa, ruwa ya ruɓar da saiwarsu.

Kakata ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo.

"Maigida, hannun wa ya shiga gwangwanina?"

Na ce ɓera. Ta ce lallai ɓeran nan yana da adalci, tunda ya raba daidai. Nan na fashe da kuka, don na ɗauka na kashe gadon mahaifiyarta.

Ta ce in share majina, ƙasa ta riga ta yi mana tankaɗe. Wanda ya rayu a tudu na tudu ne, wanda ya rayu a fadama na fadama. Da ta busar da 'ya'yan kuɓewar da ta rayu, ni ta sa na ɓare irin, kowane daban.

Bana malaminmu ya cika allo yana bayanin yadda ruwa da ƙasa da rana ke sa tsiro ɗaya ya rabu iri-iri a tsawon zamani. Ajin duk hamma ake. Ni ina jin ƙamshin fadamar nan da muryar kakata, Allah ya jiƙanta. Irin nata yana hannun mahaifiyata yanzu, kuma har yau ba a yarda in taɓa shi sai da mai gadi.